Kindirmon da Ya Ƙi Kamawa

Ko me zan manta a aikin nan, ba zan manta ranar da Sabi'u ya tara ma'aikata a tsakar masana'anta, ya nuna ni da yatsa, ya ce da gangan nake lalata kindirmo ba. A gaban mutanen da ni na koya musu wanke tukunya ya faɗa, Alhaji mai masana'antar yana tsaye da hannu a aljihu yana kallo. Sharri aka yi mini, kuma da sunansa zan kira shi. Ku da kuka shigo aikin daga baya kuna jin labarin gutsi-gutsi, wani ya ce aljanu ne, wani ya ce zafin rana, shi ya sa na ga gara in rubuta shi yadda ya faru.

Sunana Ya'u. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, ba na ɓoyewa. Na yi shekaru ina sayar da fura da nono a tashar Gumel kafin Alhaji ya buɗe 'yar masana'antar nan, kuma ni ne mutum na farko da ya ɗauka. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Da sassafe 'yan babur ke kawo madara a jarkoki daga rugage, wasu daga wajen Sule Tankarkar, wasu daga Maigatari, wasu daga Gagarawa. A lokacin duk a babbar tukunya ɗaya muke juyewa. A tace, a dafa, a bar ta ta huce har in ka ɗiga a bayan hannu ka ji ɗumi, ba ƙuna ba. Sai a zuba abin da muke kira iri, wato kindirmon jiya mai kyau da aka rage. A rufe, a kai ɗaki mai ɗumi, kada kowa ya taɓa. Zuwa la'asar, in Allah ya so, ya kama, ka sa cokali ya tsaya. Daga nan sai sukari, sai robobi, sai firji. Dafawa da zuba iri aikina ne, ba na bari wani ya sa hannu.

Shi kuma Sabi'u ƙanin uwargidan Alhaji ne. Ya zo bai san bambancin madara da nono ba, amma kafin a je ko'ina an saya masa sabon babur, an ce shi ne manaja, shi zai riƙa zagaya rugage yana kula da karɓo madara. Kowa ya san in shekaru ake dubawa da sanin aiki, kujerar tawa ce. Raina ya ɓaci, kuma ni ba na iya haɗiye magana, na faɗa a teburin mai shayi, na faɗa a majalisa. Wannan maganar ce ya ajiye, ya jira ranar amfaninta.

A farkon daminar shekarar, lokacin da madara ta yi yawa, kindirmo ya fara ƙin kamawa. In buɗe tukunya da la'asar in tarar da ruwa tsululu, ba tsami, ba kauri. In an bar shi ya ƙara jimawa sai ya yi wari. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba kullum ba ne. Yau ya kama kamar ba komai, gobe da jibi a zubar. Na canja iri. Na sa aka goge tukwane da tafasasshen ruwa har hannun mutane ya yi ja. Na canja ɗakin ajiya. Na sa Alhaji ya aiko da garin irin nan na leda daga Kano. Duk a banza. Masu shaguna a Gumel da Maigatari suka fara kiran waya suna faɗa, wasu suka koma saye a wani wuri.

Rannan da hantsi Sabi'u ya ce kowa ya bar abin da yake yi ya fito. Ya tsaya kusa da Alhaji ya ce, "Yaya, ni fa ina kawo madara mai kyau, kowa yana gani. A hannun mutum ɗaya take mutuwa. Kuma mutumin nan ya faɗa a gari cewa sai mun gani, tunda ba a ba shi manaja ba."

Na ce, "Ƙarya kake, Sabi'u. Na ce an zalunce ni, ban ce sai kun gani ba."

"To kun ji dai. Da bakinsa."

Na juya wajen Alhaji ina jira ya tsawata masa. Shekarun da muka yi tare, tun tukunya ɗaya da murhu ɗaya. Sai ya dubi ƙasa ya ce, "Malam Ya'u, ka je gida ka ɗan huta, za mu neme ka."

Na cire rigar aiki na rataya. Ba wanda ya dube ni a ido.

Ka ce tafiyata za ta wanke ni, tunda kindirmon ya ci gaba da lalacewa bayan ba na nan. Ina! Sabi'u ya ce ai kafin in tafi na binne wani abu. Suka tona bakin ƙofar ɗakin girki, suka yi hayaƙi, suka wanke tukwane da rubutu. Ranar da ya kama a ce hayaƙin ya yi aiki, ranar da ya ƙi a ce asirin nawa ne mai ƙarfi. Magana ta fita gari. Akwai wata mai fura a layinmu, mun fi shekara goma muna gaisawa, sai na ga in na doso tana saurin jan faifai ta rufe ƙwaryarta. Wannan ya fi korar ciwo. Aiki ana iya samun wani, amma mutumin da aka ce hannunsa na kashe nono, wa zai sake ɗaukarsa a sana'ar nono? Kuma ni ita kaɗai na iya.

Zama ya ishe ni, na ce bari in gwada yin ɗan nawa a gida, ko don in tabbatar wa kaina hannuna lafiya lau yake. Iri mai kyau nake nema, kuma wuri ɗaya na sani. Na hau babur ɗin haya na tafi wata ruga bayan Sule Tankarkar, wurin Inna Dije. Tsohuwa ce Bafulatana, a wurinta nake sarin nono tun ina tasha, kuma ita ta fara nuna mini yadda ake jin ɗumin madara a bayan hannu. Rugarsu na cikin masu ba masana'anta madara.

Tana ganina ta ce, "A'a, Kaɗo! Yau an tuna da mu? An ce an kore ka."

"Ba kora ba ce, Inna, hutu ne."

"Hutun da ba a faɗi ranar dawowa ba? Zauna dai, boka."

Har can maganar ta kai. Na zauna, muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ta yi tsaki, ta shiga bukka ta fito da babbar ƙwarya ta buɗe. Ruwa tsululu, irin wanda na saba gani a tukunyata.

Ta ce, "Ko ni ma ka binne mini ne? Tun ina yarinya nake wannan aiki ban taɓa ganin haka ba. Boru ya shigo mana, ga nono kuma ya ƙi. Ni dai na san bakin wata ne, ta zo rannan tana ta yaba ƙorena."

Boru shi ne ciwon nan da ke fesowa a bakin shanu da tsakanin kofatonsu, su yi ta dalalar da miyau, su kasa kiwo, su yi ɗingishi. Ta ce tun da aka kawo wani bijimi daga kasuwar Maigatari ya shiga garken.

Sai ta sake shiga ta ɗauko wata 'yar ƙaramar ƙwarya. Ta buɗe, ga kindirmo ya kama daram, har da fatar nan ta sama. Ta ce, "Ɗebi irinka a nan. Na Wule ne."

"Wace ce Wule?"

Ta nuna wata saniya can gefe mai karyayyen ƙaho. Ta ce mafaɗaciya ce, ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ita, shi ya sa take tatsar ta daban bayan an gama da sauran, madararta ta gida ce, ba a kai wa jarka.

Na ce, "To me ya sa nata ke kamawa, na sauran ba ya yi? Mai bakin ba ta ga wannan ƙwaryar ba ne?"

"Oho. Ita dai Wule ba ta ɗaukar raini. Ko yaron nan naku da ya zo yi musu allura, duk ya soke su, masu ciwo da masu lafiya, da ya zo kanta ta bi shi sai da ya bar takalmi ɗaya a garke. Ga shi can har yanzu, 'yan maruƙa na wasa da shi."

"Wane yaron namu?"

"Manaja mana. Ya ce in ba a yi musu ba madara za ta ƙafe, ku kuma ku daina saye. Duk zuwan da zai yi sai ya ƙara."

Ta lissafa mini rugagen da ta san yana bi da allurar, duk na wajensu da na hanyar Maigatari. Ta ce na Gagarawa dai ba ta ji ciwon ya kai can ba. A bayan bukka na tsinci kwalbar da ya yar, mai ruwan ƙasa, ta maganin allurar nan da makiyaya ke kira el-e.

Ba zan yi muku ƙarya in ce a nan na gane komai ba. Me ya haɗa allura a cinyar saniya da tukunyata a Gumel? Ban sani ba. Na san dai saniya ɗaya ba a soka ba, kuma ƙwarya ɗaya ce ta kama. Na roƙi Inna ta zuba mini kindirmon Wule a roba ɗaya, wanda ya ƙi a roba ɗaya, na sa kwalbar a aljihu.

Washegari na tafi ofishin likitan dabbobi a Gumel. Wadda na tarar sunanta Dakta Hauwa, sa'ar ƙanwata ce a shekaru. Na ɗauka za ta ce ba aikinta ba ne, don ni ba dabba na kawo ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta juya kwalbar a hannu, ta ce, "Malam Ya'u, kai a ganinka me ke sa madara ta zama kindirmo?"

Na ce, "Iri."

"Me ke cikin irin?"

"Tsami."

Ta yi murmushi ta ce in biyo ta. Ta lakato kindirmon Wule ɗan mitsitsi ta shafa a kan gilashi, ta bar shi ya bushe, ta ɗiga wani shuɗin ruwa, ta sa a ƙarƙashin madubin nan na ɗakin gwaji da ke ƙara wa abu girma. Ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa.

Wallahi sai da na ja da baya. Cike yake fal da wasu abubuwa, wasu kamar guntayen tsinke, wasu a jere kamar carbi. Na ce, "Dakta, datti ne?"

"Ba datti ba ne. Halittu ne masu rai, sunansu bakteriya. Suna ci, suna girma, in ɗaya ta ƙoshi sai ta rabe biyu, biyun su ma su rabe. In ka zuba iri, su kake zubawa. Su cinye zaƙin da ke cikin madara su fitar da tsami, tsamin ne ke sa ta yi kauri. Ɗumin nan da kake ji a bayan hannunka, shi suke so. In ya yi zafi su mutu, in ya yi sanyi su yi lalaci."

Na sake leƙawa. Rabin rayuwata ina ciyar da su, ina lulluɓe su, ina hana mutane damunsu, ban taɓa sanin suna nan ba. Ashe ni ma makiyayi ne, garkena ne ba a gani. Ta canja gilashin ta sa na wanda ya ƙi kamawa. Fili fetal, sai ɗaya nan ɗaya can.

Ta ɗaga kwalbar ta ce, "Wannan maganin kashe bakteriya ne. Akwai bakteriya masu sa cuta, domin su aka yi shi, kuma yana aiki. Amma bai san na kirki da na banza ba. In an yi wa saniya, yana bin jininta ya fito a madara, kuma dafawar da kuke yi ba ta gamawa da shi. Kana zuba irinka, kana zuba su cikin abin da zai kashe su. Jarka ɗaya ta isa ta ɓata tukunya duka, tunda haɗawa kuke."

Shi ya sa ba kullum ba. Ranar da madarar da aka soki shanunta ta yi yawa a tukunya, a zubar. Ranar da ta yi kaɗan, a tsira.

Na ce, "To aƙalla ai ya warkar da borun."

"Ko kusa. Boru ba bakteriya ke kawo shi ba, bairos ne."

"Nuna mini shi."

"Wannan madubin ba ya ganinsa, ya fi waɗannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kuma halittarsa daban ce. Bakteriya tana da nata jiki, tana da nata kayan aiki a ciki, shi ne maganin ke zuwa ya lalata. Bairos ba ya ci, ba ya girma, ba ya iya haihuwa shi kaɗai. Ba shi da komai nasa sai umarni a cikin ɗan kwanso. Sai ya shiga ƙwayar jikin saniya, ya sa ta bar aikinta ta koma ƙera irinsa da kayanta har ta lalace. To me maganin zai kama a jikinsa? Babu."

Na ce, "Ba shi da komai nasa, ya shiga gidan wani ya sa kowa na yi masa aiki? Dakta, ai na san irinsa, akwai ɗaya a wurin aikinmu."

Ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta ce ita ba ruwanta. Ta ƙara mini bayani cewa in gyambon boru ya ruɓe, bakteriya sun shiga, to a nan allurar na da amfani, amma ga wannan saniyar kawai, kuma madararta ba ta mutane ba ce sai maganin ya fita daga jikinta. Sokar masu lafiya kuwa ba ya kare su daga komai, abin da ke karewa rigakafi ne tun kafin ciwon ya zo, da ware masu ciwo. Ta ce ko don mutanen da ke sha bai kamata ba, domin in bakteriya masu cuta suka saba da maganin kaɗan-kaɗan, ranar da ake buƙatarsa ba zai ci su ba. Ta ce za ta shiga rugagen da kanta, wannan aikinta ne. Wanke sunana kuwa nawa ne, amma ta gaya mini yadda zan gwada kowa ya gani.

Na sami Alhaji a ƙofar gidansa bayan sallar asuba. Ya fara kame-kame, na ce, "Alhaji, ba roƙon aiki na zo ba. Wuni ɗaya nake so. Kuma ba zan taɓa komai ba, tunda an ce hannuna ne. Ko ɗakin girki ba zan shiga ba."

Ya yarda, don shi ma asara ta ishe shi.

Da jarkoki suka iso na tsaya daga bakin ƙofa na ce kada a haɗa. Kowace ruga a ɗebi tata a ƙaramar tukunya, a dafa daban, a juye a kwano daban, a ɗaura wa kwanon zare irin na jarkarsa. Na ce Sabi'u ne zai yi komai da hannunsa, har zuba iri, kuma irin nasu na leda, ba nawa ba.

Ya ce, "Yaya, wannan wane irin wasa ne? Mutumin da aka sallama shi zai zo yana ba ni umarni?"

Alhaji ya ce, "Yi abin da ya ce."

Ya yi, yana huci. Aka jera kwanuka a ɗakin ɗumi, Alhaji ya kulle ya sa makulli a aljihu. Kafin kowa ya watse na ɗaga murya na ce, "Ku zama shaida tun yanzu, kada a ce daga baya na shirya. Na Gagarawa za su kama. Na wajen Sule Tankarkar da na hanyar Maigatari ba za su kama ba." Na ga idon Sabi'u ya sauya.

Na wuni a ƙarƙashin dalbejiyar da ke waje, ko ruwansu ban sha ba. In kwanon Gagarawa ya ƙi saboda wani dalili daban, ko Sabi'u ya zuba iri da zafi, shi ke nan na tabbata boka har abada.

Bayan la'asar Alhaji ya buɗe, aka fito da su tsakar gida. Ya sa cokali a na farko mai zaren Gagarawa. Cokali ya tsaya. Na biyu ma haka. Ya matsa kan na rugar su Inna Dije, ya karkata kwanon, madara ta kwararo masa a kan takalmi. Na gaba haka. Na gaba haka. Wani daga cikin masu wanki ya yi kabbara ba tare da ya shirya ba.

Alhaji ya ce, "Malam Ya'u, yaya aka yi ka sani?"

Na ciro kwalbar na ajiye kusa da kwanukan, na faɗa masa abin da Dakta ta nuna mini, da kalmomina. Na ce masu yi mana aikin nan rayayyu ne, kuma wannan ne ke kashe su, a cikin madara yake zuwa. Na ce, "Wanda ke soka wa shanun kuwa, a buɗe jakar da ke bayan sabon babur ɗin can."

Ba a ma kai ga buɗewa ba. Sabi'u ya ce, "Yaya, taimakonsu nake yi. Shanu na ciwo, in na zuba ido madara ta ƙafe, da me za mu yi aiki? Kowa haka yake yi."

Wataƙila da gaske bai san allurar ce ba, ba zan ɗora masa abin da ban tabbatar ba. Rashin sani ba ya ba ni haushi, ni ma ban sani ba sai da aka nuna mini. Amma da bai sani ba, me ya hana shi cewa bai sani ba? Sai ya ɗauki sunana ya toshe ramin da shi.

Kada ku ɗauka an kore shi. Ƙanin Hajiya ne. An karɓe jakar, an yi masa faɗa a ɗaki, ba a tsakar gida ba inda aka yi mini nawa. Ni kuma abin da na samu daga Alhaji shi ne, "Gobe ka fito da wuri." Haƙuri ɗaya bai ba ni ba, har yau. Sai dai na sa sharaɗi kuma ya karɓa, shi ne tsarin da kuka tarar kuke ganin kamar tun asali haka yake. Ba a haɗa madarar rugage sai an gwada. Kowace jarka a dafa ta daban, a ɗebi kwano a sa iri, sauran a firji, wadda kwanonta ya kama ita ke shiga babbar tukunya. Kuma ni ke cewa ta shiga ko ta koma.

Dakta Hauwa ta zagaya rugagen kamar yadda ta ce. Aka daina sokar masu lafiya, wadda aka yi wa allura a bar wa ɗan maraƙinta madarar. Ba a jima ba Inna Dije ta aiko mini da ƙwarya guda ta kama daram, da saƙon wai a gaya wa Kaɗo ta janye maganar bakin maƙwabciyarta, amma ba za ta je ba ta haƙuri ba. Mai furar layinmu kuwa ta daina rufe ƙwarya, har tana tambayata me zai sa nonon da take sayarwa ya yi yauƙi.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, a sana'ar nan ba mu muke yin kindirmo ba. Mu masu hidima ne ga halittun da ba ma gani. In tukunya ta ƙi, ku tambayi abin da ya same su, daga ina madarar ta fito, me aka ba saniyar, kafin ku nemi wanda za ku nuna da yatsa. Mutanenmu sun fi saurin yarda an yi asiri fiye da yarda akwai abin da ba su sani ba, kuma wanda ba shi da kowa a sama shi ake fara nunawa.

Bayan komai ya lafa, wata safiya ina bakin ƙofa ina karɓar jarkoki, 'yan babur sun yi layi, sai ga Sabi'u da nasa lodin. Ya wuce kowa ya tsaya a gabana, ya kashe babur, ya miƙo hannu yana murmushi.

"Malam Ya'u, ai komai ya wuce ko? Mu da muke gida ɗaya. Waɗannan ni na tsaya aka tatsa, ba sai an ɓata lokaci da kwano ba, a juye kawai."

Na karɓi hannun, don Musulunci, na sake shi. Na ce, "Sabi'u, gaisuwa zan amsa maka kullum. Yafiya kuwa ba ka nema ba, ni ma ban bayar ba. A tsakar gidan nan ka ce ni mugu ne, ranar da ka shirya ka tara mutanen nan ka ce ƙarya ka yi, sai mu yi maganar abin da ya wuce. Madararka kuma ko limamin Juma'a ne ya tsaya aka tatsa, sai ta shiga kwano. Waɗanda ke cikin kwanon nan ba su san yayarka ba, ba su san kai manaja ne ba, kuma ba su taɓa yi mini ƙarya ba. Juya babur ɗinka ka bi layi."